Ofishin da Ƙaramin Ma'aikaci Zai Iya Cewa "Dakata, Yallaɓai"

Ɗana,

Labari ya iso mini cewa an damƙa maka ragamar ofis, ga ma'aikata a ƙarƙashinka, ga amanar kuɗi da bayanan jama'a a wuyanka. Allah ya taya ka riƙo. Na kuma ji cewa cikin abubuwan da ka fara nema har da kuɗin sayen na'urori da manhajojin da za su kare ku daga masu kutse. Ka yi daidai, a saya. Sai dai akwai ɓangaren wannan tsaro da babu kamfanin da zai kawo maka shi a kwali, kuma a kansa nake so mu zanta. Na daɗe a aikin ofis, na san yadda mutane suke idan babba ya ba da umarni, na kuma san yadda suke idan ɓarna ta fito daga hannunsu.

Ka zauna kai kaɗai ka yi tunani a kan mutum biyu. Na farko ƙaramin akantanku. Idan saƙo ya zo masa da sunanka cewa ya tura kuɗi yanzu-yanzu, yana da ƙarfin zuciyar ɗaga waya ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, ina so in tabbatar"? Ta biyu sakatariyarku. Idan ta latsa abin da bai kamata ta latsa ba, ƙirjinta ya buga, wa za ta fara tunawa da shi, wanda zai taimake ta ko wanda zai ci mata mutunci a gaban mutane? Abin da waɗannan biyun za su yi a ranar da ba ka nan, shi ne ainihin tsaron da ofishinku yake da shi.

A farkon shekarar 2024 wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfanin Arup, a ofishinsu na Hong Kong, ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Ingila. Arup ba ƙaramin wuri ba ne, injiniyoyinsa ne suka yi aikin shahararren gidan wasan nan na Sidni a Ostireliya. Saƙon ya yi zancen wata harka ta sirri da ke buƙatar a tura kuɗi. Mutumin bai yarda ba da farko, zuciyarsa ta ba shi cewa damfara ce. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo. Yana shiga ya ga fuskar babban jami'in, ya ji muryarsa, ya ga wasu abokan aikin da ya sani. Hankalinsa ya kwanta. Ya tura kuɗi sau 15 zuwa asusu biyar, jimilla dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron nan na bogi ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa fuskokinsu da muryoyinsu. Sai da ya tuntuɓi hedikwata daga baya gaskiya ta fito.

Ina tausayin wannan bawan Allah, kuma ina so kai ma ka tausaya masa, domin ba wawa ba ne. Ya yi zargi a inda ya kamata. Abin da ya kayar da shi hali ne da kowane shugaba yake yabawa a wurin ma'aikacinsa: biyayya, da gudun ɓata wa manya lokaci, da jin nauyin ya nuna wa na gaba da shi cewa yana shakkarsa. Ɗan damfara ya san wannan sarai. Bai damu da ya fasa kwamfuta ba muddin zai iya sa mai riƙe da ita ya buɗe masa da hannunsa.

To mu kuwa, da aka rene mu da kunya da girmama na gaba, wannan ƙofa ta fi faɗi a wurinmu. Yaron da aka koya wa cewa ba a haɗa ido da babba, ba a mayar masa da magana, shi ne yau yake zaune a gaban kwamfutar biyan kuɗi. Tarbiyyar nan alheri ce, ba na so ta gushe. Amma ka sani akwai masu cin abinci da ita. Kuma ba daga nesa kaɗai suke ba. Obinwanne Okeke, ɗan Najeriyar da mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin matasan 'yan kasuwa abin koyi, an yanke masa ɗaurin shekara 10 a Amurka a 2021. Cikin laifin da aka kama shi da shi akwai na kamfanin Unatrac, dillalin manyan motocin Caterpillar. A 2018 an yaudari babban jami'in kuɗin kamfanin ya rubuta kalmar sirrinsa a wani shafi na bogi, aka shiga akwatin imel ɗinsa, aka riƙa aika wa ma'aikatansa umarnin biya da sunansa, su kuma suna biya, har kusan dala miliyan 11 suka salwanta. Ka lura, babba ne ya fara faɗawa, ƙananan kuma suka bi umarnin da suka ɗauka nasa ne.

Irin waɗannan saƙonni suna da kamanni ɗaya duk inda suka fito. Akwai sunan wani babba, akwai gaggawa, akwai "kada ka faɗa wa kowa." Yana da kyau ma'aikata su san haka. Amma sani kaɗai ba ya cire kunya. Abin da ke cire ta shi ne doka da ta hau kan kowa, ta yadda mai tambaya zai ce ba ni ba ne, ƙa'idar ofis ce. Ka kafa cewa duk umarnin biyan kuɗi da ya zo ta imel, ko WhatsApp, ko waya, ko bidiyo, ba a aiwatar da shi sai an kira mai umarnin ta lambar da ofis ya riga ya sani, ba lambar da ke cikin saƙon ba. Kuɗin da ya wuce wani adadi sai mutum biyu sun sa hannu. Ɗan kwangilar da ya aiko cewa ya canja lambar asusunsa, a dakata da biyansa har sai an ji daga bakinsa ta hanyar da aka saba. Wannan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Da irin wannan dabara ta takardun biya na bogi wani ɗan Lituweniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga Facebook da Google tsakanin 2013 da 2015, yana fakewa da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi da gaske.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi. Gwajinta yana zuwa ne ran da kai da kanka kake sauri, kana filin jirgi, ka aika a biya wani, sai akanta ya kira ya ce yana son tabbatarwa. Idan ka ce masa, "Ba ka san muryata ba ne?", ka kashe dokar a ranar, kuma labarin zai zaga ofis kafin la'asar. Idan kuwa ka ce, "Madalla, haka nake so," sannan ka ambace shi da alheri a taron mako, ka yi wa ofishin abin da kwas goma ba za su yi ba. A 2024 wani jami'in kamfanin motoci na Ferrari ya samu kira da murya irin ta shugaban kamfanin, Benedetto Vigna, har da karin harshen yankinsu, ana maganar wani ciniki na sirri. Sai ya ba da haƙuri, ya tambayi mai kiran sunan littafin da shugaban ya ba shi shawarar karantawa kwanakin baya. Nan take aka kashe wayar. Ba na'ura ce ta ceci kamfanin ba a ranar, ma'aikaci ne da ya ga yana da damar yi wa shugabansa tambaya.

Idan wani ya ce maka wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan bashi ta sauka, tana umartar muminai su rubuta su kuma kafa shaidu. Ba a ce musu haka don ana zarginsu ba. An ce musu ne don zumunci ya ɗore bayan kuɗi sun shiga tsakani.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi damuna, wato abin da ke faruwa bayan kuskure ya riga ya auku. Zai auku, ɗana. Duk yadda ka horar da mutane, wata rana wani zai gaji, ko yana da marar lafiya a gida, ya buɗe takardar da bai kamata ya buɗe ba. Daga wannan lokacin abin da ya rage a hannunku shi ne lokaci. Kuɗin da aka tura bisa yaudara, idan an sanar da banki cikin gaggawa akan yi sa'a a tsare su kafin a kwashe, idan aka kwana kuwa sai addu'a. Kalmar sirrin da aka sace, idan an canja ta a cikin minti goma, ɓarawon ya tashi a tutar babu. Kwamfutar da ta kamu, idan an cire ta daga layi da wuri, sauran sun tsira.

Hukumar lafiya ta ƙasar Ailan ta ɗanɗana wannan a 2021. Ranar 18 ga Maris wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da ya zo masa a imel na yaudara. Masu kutsen ba su yi komai a fili ba sai ranar 14 ga Mayu, lokacin da suka kulle kwamfutocin asibitocin ƙasar suka nemi kuɗin fansa. Mako takwas suna yawo a ciki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa an ga alamu a tsakani, har wasu asibitoci sun lura da motsin da ba su gane ba, amma labarin bai zama mataki ba. Likitoci suka koma biro da takarda, aka ɗage ganin marasa lafiya, aka kwashe watanni ana gyara. Abin da aka rasa a wurin shi ne hanyar da ƙaramar alama za ta bi ta isa ga wanda zai ce a tsaya a duba.

Mutanen jiragen sama sun riga kowa koyon wannan darasi, kuma da rayuka suka biya. Ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin TWA mai lamba 514 ya daki wani dutse a jihar Bajiniya yana shirin sauka kusa da Washington, mutum 92 da ke ciki duka suka rasu. Matuƙan sun fahimci umarnin sauka ba yadda mai ba da umarnin yake nufi ba. Da aka bincika sai aka gano cewa mako shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan kuskure a wuri ɗaya, ya tsallake rijiya da baya. Matuƙansa sun kai rahoto ga kamfaninsu, aka gargaɗi matuƙan United, amma babu hanyar da gargaɗin zai kai ga na sauran kamfanoni. Daga nan ne a 1976 aka kafa tsarin da matuƙi ko mai kula da zirga-zirgar jirage zai kai rahoton kuskurensa a asirce. Aka ba hukumar NASA riƙonsa, da gangan, don ita ba ta hukunta kowa. Wanda ya faɗi kuskuren da ba da niyya ya yi ba yana samun sassauci, wanda ya yi ganganci ko laifi ba ya samu. Har yau tsarin yana aiki.

Wannan rarrabewa nake so ka ɗauka. Kuskure daban, ha'inci daban. Ma'aikacin da ya haɗa baki da ɓarayi, ko ya sayar da bayanan abokan hulɗarku, hukunci ya dace da shi, kada ka yi masa sassauci. Amma wanda aka yaudara ya zo da ƙafarsa ya faɗa, kalmar farko da zai ji daga bakinka ta zama godiya. Idan takardar tuhuma ce ta fara tarbarsa, to ka koya wa duk ofishin cewa mai hankali shiru yake yi. Na gaba da abin ya same shi zai goge saƙon, ya kashe kwamfutar, ya tafi gida yana fatan Allah ya rufa asiri. Ka sa a san mutum ɗaya da lambar waya ɗaya da za a kira, ko da tsakar dare, ko ranar Sallah. Kada ka sa cike fom a gaban wanda hankalinsa ya tashi. Kuma wanda ya kawo rahoto aka duba aka ga ba komai, a gode masa kamar yadda za a gode wa wanda nasa ya tabbata, don idan aka yi masa dariya sau ɗaya ba zai sake zuwa ba.

Kai ma wannan ta shafe ka, domin shugabanni sun fi kowa son rufe ɓarna. A 2016 an sace bayanan mutum miliyan 57 daga kamfanin Uber. Maimakon a sanar, sai aka biya ɓarayin dala 100,000 don su yi shiru. Asiri ya tonu bayan shekara guda, kamfanin ya biya dala miliyan 148 ga jihohin Amurka, shi kuma shugaban sashen tsaronsa, Joe Sullivan, kotu ta same shi da laifi a 2022. A nan gida, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ku awa 72 ku sanar da hukumar kare bayanai idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ko babu doka, mutanen da suka ba ku lambar BVN da NIN da hotonsu amana suka ba ku, suna da haƙƙin su sani don su kare kansu.

Za a zo maka da shawarar a riƙa gwada ma'aikata da saƙonnin yaudara na ƙarya don a ga wanda zai faɗa. Ba laifi ba ne idan an yi da mutunci. Amma a Disambar 2020, shekarar da korona ta jigata mutane, kamfanin GoDaddy ya aika wa ma'aikatansa saƙo cewa za a ba su kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara. Waɗanda suka cike bayanansu aka ce musu sun faɗi jarrabawa, babu kyauta, sai ƙarin horo. Kamfanin ya ba da haƙuri daga baya. Kada ka yi wasa da albashi ko alawus na mutumin da ke jiran kuɗin makarantar 'ya'yansa, kuma kada a manna sunayen waɗanda suka faɗi a allo. Idan za ka ƙirga wani abu, ƙirga mutum nawa suka kawo rahoton saƙon, da kuma minti nawa suka ɗauka.

Horon kansa ya zama gajere kuma a kai a kai, da harshen da mutane ke ji. Idan rabin ma'aikatanka Hausa ta fi zama musu, a yi da Hausa. A sa direba da masinja da maigadi da mai yi wa ƙasa hidima a ciki, domin su ma suna cikin zauren WhatsApp na ofis. Ka san dabarar da ta yi yawa yanzu: a kira mutum a ce daga ƙungiyarsu ne, za a yi taro ta intanet, ya karanto lamba shida da aka turo masa. Yana karantowa an ƙwace WhatsApp ɗinsa, sai a shiga roƙon kuɗi da sunansa a wurin duk wanda ya yarda da shi. Minti biyar sun isa a zauna da kowa a kunna masa matakin tsaro na biyu a wayarsa.

Akwai kuma laifin da yake namu ne, mu masu kafa dokoki. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan ka ga ma'aikata sun manna kalmar sirri a jikin kwamfuta, ko mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, ko ana aika takardun ofis ta wayar gida, kafin ka yi faɗa ka tambayi dalili. Sau da yawa za ka tarar hanyar da aka halatta ta yi wuya ko ba ta aiki, mutane kuma suna so su gama aikinsu. Dokar nan ta canja kalmar sirri kowane wata ita ce ke haifar da rubuta ta a takarda, kuma tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, wadda duniya ke bin ma'auninta a wannan fanni, ta daina ba da shawarar tilasta canji ba tare da dalili ba. Doguwar kalma mai sauƙin tunawa, wadda ba a amfani da ita a wani wuri, tare da mataki na biyu na tabbatarwa, ta fi amfani. Kuma duk wanda ya bar aiki, ko aka yi masa canjin wuri, a rufe ƙofarsa a ranar. Kamfanin Colonial Pipeline, mai ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, an shige shi ne a 2021 ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi kuma ba a rufe ba, mai kalmar sirri kawai babu mataki na biyu. Aka tsayar da bututun kwanaki, layin mai ya cika gidajen mai, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Yaron nan mai kula muku da kwamfutoci, wanda ba a tunawa da shi sai injin buga takarda ya tsaya, ka jawo shi kusa. A wannan fage sau da yawa yaro ne ke hango abin da babba bai hango ba, kuma ba abin kunya ba ne ka zauna ya koya maka. Ka ba shi wuri a taron manya ko sau ɗaya a wata, ka tambaye shi abin da ke hana shi barci. Idan ya ce a sabunta manhaja, kada a ce masa sai bayan an gama aikin ƙarshen wata. Idan ya ce a daina sa kowane fulash a kwamfutar ofis, kai ne za ka fara bari.

Ka tambaye shi musamman game da ajiyar kwafin bayananku. Kamfanin Maersk, wanda kwantenoninsa muke gani a Apapa da kan manyan titunanmu, ya wayi gari a watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta lalata masa kwamfutoci a duniya baki ɗaya cikin ɗan lokaci. Sai da suka sake ɗora kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Akwai wasu bayanai da sai da su za a iya tayar da komai, kuma duk kwafinsu sun lalace tare, domin duka suna haɗe a layi ɗaya. Guda ɗaya tak ya tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a lokacin da cutar ke yaɗuwa. A jirgi aka ɗauki wannan kwafi aka kai Ingila. Allah ne ya kiyaye su, amma kai kada ka jingina ofishinka da ɗaukewar wuta. A ajiye kwafi guda a wurin da ba ya haɗe da intanet. Kada kuma ka tsaya a kan "eh, muna ajiyewa." Ka zaɓi wani fayil na watan jiya ka ce a dawo maka da shi daga ajiyar kana zaune kana kallo. Lambobin wayar da za a kira ranar da komai ya tsaya, na banki da na ma'aikata da na hukuma, a buga su a takarda a sa a durowa, domin ranar ba za ku iya buɗe kwamfuta ku duba ba.

Ka gaida iyali da yaran. Idan ka samu sarari ka leƙo, akwai sauran magana a kan yadda ake ɗaukar sabon ma'aikaci da abin da ake ba shi a makonsa na farko.